Tsibirin Belbela

Ni ba 'yar Minna ba ce, ko da yake a Ƙetaren Gwari na yi aure, na yi takaba, na tsufa, har yaran unguwa suna zaton tare aka kafa ni da tashar jirgin ƙasa. Sunana Jummai, busasshen kifi nake sayarwa. An haife ni a Dogon Gaɓa, wani ƙauyen masunta a bakin kogin Kwara. Kada kowa ya wahalar da kansa wajen nemansa. Yana ƙarƙashin tafkin Kainji, karfasa na kiwo a tsakar gidanmu.

Ina yarinya aka datse kogin. Gwamnati ta gina mana sababbin gidaje a kan tudu, ta kwashe mu da tukwanenmu da awakinmu, amma matattu babu wanda ya yi zancensu. Inna kuwa ba ta daɗe da rasuwa ba a lokacin, a kan gwiwa ta tafi wajen haihuwar ƙanena Dawuda. Allah ya taimake mu makabartar garin a kan wani tudun tsakuwa take, shi ya sa ruwa bai cinye ta gaba ɗaya ba. Yawancin shekara tana nutse. Amma tafkin nan yana da wani hali da mutanen Minna ba sa yarda idan na faɗa musu. Lokacin da damina ta kankama a nan, masu keke suna zagin taɓon Tunga, shi a lokacin ne yake janyewa ya rame. Sai wajen ƙarshen damina farin ruwa ya sauko ya fara cika shi, daga baya baƙin ruwa, wanda ya yi wata da watanni yana tahowa daga can ƙasar Mali, ya iso da sanyi ya ƙarasa aikin. A 'yan makwannin ramar nan tudun ke fitowa, ɗan tsibiri a tsakiyar ruwa, belbelu sun rufe shi fari fat.

Mu ba ma rubuta suna a kabari. Dutse a kai, dutse a ƙafa, sauran aikin ido ne. Na Inna ba ya ɓata, domin Baba ya ɗauki dutsen niƙanta mai tsaga a gefe ya kafa mata a kai. Duk shekara ruwa sai ya ture wasu duwatsun, laka ta binne wasu, saboda haka duk shekara sai an je an tayar da su an gyara, an yi addu'a. Maza ne ke hawa. A wajenmu mace ba ta taka makabarta. Mu kan tsaya cikin kwale-kwale a ɗan nesa, idan maza suka ɗaga hannu mu ma mu ɗaga. Haka na girma ina hango uwata daga kan ruwa, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba, tunda ina ganin dutsen, na san inda take.

Da farko kwale-kwale kan yi goma a wurin. A hankali mutanen Dogon Gaɓa suka watse, wasu Yawuri, wasu Legas, tsofaffi suka mutu, jikoki ba su san hanya ba. Ƙarshe sai gidanmu kaɗai. Baba ya rasu, Dawuda ya ɗauka. Shi ma mota ta kife da shi a hanyar Mokwa, ya bar yaro guda, Mudi, uwarsa ta yi wani auren. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, sai na ɗauko shi na kawo Minna. Ni na goya shi, ni na yi jinyar ƙyandarsa, kifina ya kai shi jami'a a Bosso. Har yau a unguwa Maman Mudi ake ce mini.

Yaro ne mai shiga rai, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Yana da baki. In ya fasa kwano sai ya yi ta bayani har ka ba shi haƙuri. Na sha cewa da surutu ake biya a ƙasar nan da tuni ya gina mana bene. Shekarun da yake ƙarami ni kaɗai nake zuwa tafkin, in roƙi Alfa ya hau mini. Alfa masunci ne baƙo daga Yawuri, ba shi da kowa a tudun, amma mutum ne mai tsoron Allah, shi ke tuƙa mu tun zamanin Dawuda. Sai dai aikin baƙo daban, na jini daban. Da Mudi ya gama karatu, gwiwoyina kuma suka fara yi mini gardama, na ce lokaci ya yi.

Na tuna tafiyar nan sarai. Muka kwana a Sabuwar Busa, da safe Alfa ya ɗauke mu. Mudi bai taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba, ruwan da in ka shiga tsakiyarsa ɗayar gaɓar sai ta ɓace. Muka ratsa ciyawar burugu, muka wuce masu jan tarun ƙananan kifin warangi, ɗinyoyi suna tashi a gabanmu. A wata ƙusurwa dorinai suka fito da kunnuwa, Alfa ya riƙa buga filafili a jikin jirgi don su san muna tafe. Mudi sai ɗaukar hoto yake yi, yana tambayar sunan kowane tsuntsu, yana tambayar ko gaskiya ne akwai ayu a ruwan. Na ce masa ya ajiye wayar nan, ba kallo muka zo ba. Ya yi dariya ya ajiye.

Da muka isa ya cire takalmi ya hau, ni ina cikin jirgi ina yi masa kwatance, hagu, gaba kaɗan, tsaya nan. Ya tarar da dutsen ya karkace. Ya tayar da shi, ya kwashe lakar da hannunsa, ya bi sauran duwatsun ma ya gyara, na waɗanda bai sani ba. Ya durƙusa ya daɗe yana addu'a. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya riƙe hannuna ya ce, "Gwaggo, daga yau kin huta. Muddin ina raye wannan aikina ne." Wallahi ranar na ji an sauke mini wani kaya da na daɗe da mance ina ɗauke da shi.

Bayan haka ban sake zuwa ba. Likita ya hana ni doguwar tafiya, hanyar Bida zuwa Mokwa kuwa ko mai lafiya sai ta sa masa ciwo. Mudi ya yi ta neman aiki bai samu ba, ya ɗan ja keke mai ƙafa uku tsakanin Bosso da Tunga, sai wata rana ya zo da shawara. Ya ce ɗalibai suna son yawon buɗe ido ba su da mai kai su, shi kuma yanzu ya san tafkin. Zai riƙa haɗa mota a ƙarshen mako, ya kai su su ga madatsar ruwa, su shiga jirgi, su ga dorina, su ci kifi. Na sa masa albarka. Abu ɗaya na tambaya, tudun fa?

"Haba Gwaggo," ya ce. "Ko daga nesa ba na nuna musu."

Sana'ar ta karɓe shi. Ya kama ɗan shago a Tunga ya liƙa hotunan ruwa a ƙofa, ya sayi riguna masu ruwan lemo na hana nutsewa, ya koma Bosso da zama. Duk damina idan tafki ya rame sai ya zo ya zauna a kan tabarmata ya ba ni rahoto. Bana laka ta yi yawa, Gwaggo, amma na kwashe. Bana dutsen ƙafa ne ya ture, na mayar. Alfa yana gaishe ki. Kuma ba ya zuwa hannu biyu, kullum da gasasshen giwan ruwa a naɗe cikin takarda, ya ce daga tafki ne. In ci, in lashe yatsa, in kira maƙwabciyata Magdalina in ɗiba mata, ina yi mata alfahari da ɗana. Damina uku muna haka.

Magdalina 'yar kudancin Kaduna ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun zuwanta unguwar take ce mini "kai" kamar wani gardi, na gyara har na gaji. Ita ke shafa mini magani a gwiwa, ni ke ajiye mata kan tarwaɗa. Autarta Shekinah tana karatu a Bosso.

Wata Litinin da la'asar muna zaune a gindin mangwaro ina tsintar kifin da ya karye, sai ga Shekinah ta shigo, fatarta ta ƙone da rana, bakinta har kunne. Ta bi motar Mudi a ƙarshen makon, ta zo ta nuna mini. Ta ce ɗana ya iya aiki, kowa sai yabonsa yake yi, ya kai su wani wuri da ya gano da kansa, Tsibirin Belbela, wanda ba ya fitowa sai 'yan makwanni a shekara. Ta durƙusa kusa da ni ta kunna bidiyo a wayarta.

Na ga ruwa, na ga belbelu suna tashi. Na ga rumfar leda da lasifika, samari da 'yan mata suna rawa, wasu suna buga ƙwallo, wata ta kwanta a kan zane tana shan lemo. Ƙasar wurin a share take tas. Har nan zuciyata ba ta yarda ba, na ce tsibirai suna da yawa a tafkin. Sai wayar ta juya wajen gashin kifi. An jera duwatsu an ɗora ragar ƙarfe, kifi yana ta hayaƙi a kai, ga Mudi tsaye da mafici yana dariya. Dutsen da ke gaban murhun mai faɗi ne, da kwarmi a tsakiya, da tsaga a gefe.

Na ce ta tsayar. Ta tsayar. Na ce ta matso mini da shi, ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton. Ya yi baƙi da hayaƙi, amma dutsen da na koyi niƙa a kansa ba zai ɓace mini ba.

Abin da ya fara zuwa mini ba kuka ba ne. Kifin nan ne da na ci damina uku. Na tashi da ƙyar na nufi bayan gida, na yi ta yunƙurin amai babu abin da ya fito. Magdalina ta biyo ni da ruwa a kofi tana cewa, "Maman Mudi, ka zauna tukuna, mene ne ya faru?" Da na faɗa musu, Shekinah ta dubi ƙafafunta, ta toshe baki da hannu, ta fita da gudu. Yarinyar ba ta da laifi, amma uwarta ta ce kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Na aika a kira shi. Ya zo washegari da hantsi, da fara'arsa, da ledar lemo. Ban amsa gaisuwar ba, na miƙa masa wayar Shekinah. Da farko ya ce ai duwatsun niƙa sun yi kama da juna. Na nuna masa tsagar. Sai ya ce yaran jirgi ne suka yi ba ya nan, kuma ya yi musu faɗa. Na nuna masa kansa da mafici a hannu. Nan bakin nan da ba ya gajiya ya tsaya cik, ya yi tsuru-tsuru, ya zauna a bakin tabarma.

Gaskiyar da ta fito daga baya ga ta. Madatsa da dorina ba su ishi ɗalibai ba, kowa yana iya kai su can. Suna son wurin da za su sauka su baje, wurin da babu kowa. A lokacin ramar ruwa duk gaɓa laka ce, tudun nan ne kaɗai mai tsakuwa da inda za a taka. Ya ce sau ɗaya kawai ya yi niyya. Rukunin farko da ya kai, wata yarinya ta ga duwatsu a jere bibbiyu ta tambaya, yaron jirgi ya faɗa mata, duka suka ruga cikin jirgi suna salati da kiran Yesu. Labari ya fara yawo a Bosso. Sai ya koma shi kaɗai kafin mako na gaba ya kwashe duwatsun duka, ya baje ƙasar, ya raɗa wa wurin suna.

Ina zaune ina sauraro. Da ya tsaya a nan da wataƙila na iya haɗiyewa. Amma Mudi bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba.

"Gwaggo, ki duba fa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Shekara sama da hamsin ruwa yana hawa yana sauka. Me ya rage a wurin? Rayayyu ma suna bukatar abinci."

"Uwar ubanka ce," na ce.

Ya ce ya sani. Ya ce ya riƙe wurin a kansa, ko da ido rufe zai nuna, kuma dama yana da niyyar mayar da dutsen idan kasuwa ta daidaita. Na ce to, jibi za mu tafi ya nuna mini. Ya fara zancen gwiwoyina da likita. Na ce gwiwoyina ba su ci amanata ba.

Magdalina ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba. Ta cika jaka da magunguna da dafaffen ƙwai, muka hau motar haya, Mudi a gaba kusa da direba, bai waiwayo ba har Bida. A hanya take gaya mini su a garinsu siminti suke yi wa kabari, a rubuta suna da shekara, mata su je da furanni. Na ce mata ai ku komai sai kun rubuta. Ta ce yau da an rubuta da ba mu sha wannan hanyar ba. Na juya ina kallon hanya.

Na ƙi shiga jirgin injin Mudi. Na ce a nemo mini Alfa. Muka same shi a bakin gaɓa yana ɗinkin koma, ya tsufa, gemu ya yi fari. Mutumin da kan taso da gudu ya karɓi kayana, ranar a zaune ya amsa sallamata, yana kallon zarensa. Na tambaye shi lafiya. Ya ce lafiya lau, sai dai bai zaci zai sake ganina ba, tunda na yafe wurin.

Na ce wa ya ce na yafe?

Ya ɗago ya dubi Mudi, ya dube ni. Ya ce shekara uku ke nan yaron nan ya zo masa da saƙona. Wai malaman Minna sun yi mini wa'azi cewa gyaran kabari da ziyarar shekara-shekara bidi'a ce, na tuba, na ce a kwashe duwatsun, wurin ya zama na kowa. Ya ce shi ya yi mamaki, har ya kasa barci, amma uwata ce ba tasa ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya ƙi ɗaukar masu rawa a jirginsa.

Wato bai tsaya a kan Inna ba, har da bakina ya ara ya yi aikin. Shekara uku wannan dattijo yana kallona a matsayin macen da ta sallama kabarin uwarta, ni kuma ina can ina karɓar gaisuwarsa ta ƙarya. Na juya in ga Mudi, ya riga ya sulale wajen jirginsa yana taɓa inji. Alfa ya ajiye komar, ya share mini wurin zama a jirgi da hularsa.

Tun kafin mu yi nisa ya nuna mini ruwan. Ya fara gurɓacewa, ya yi kalar koko. Farin ruwa ya iso, ya ce, bana ya yi sauri, mako mai zuwa tudun zai fara nutsewa. Magdalina ta ƙanƙame gefen jirgi tana addu'a cikin yarensu duk lokacin da muka karkata. Dorinan suna nan a ƙusurwarsu. Ban ko dube su ba.

Alfa ya tsayar da jirgi daidai inda muka saba tsayawa. Na ɗaga ido. Fili ne kawai. Sandunan rumfa huɗu, tarin toka, murafen kwalba suna ƙyalli a rana. An jera duwatsun a da'ira don zama, an shafa wa wasu farar ƙasa. Na dubi inda idona ya saba sauka, sai na gane ashe ba wuri idona ya riƙe ba duk shekarun nan, dutse ya riƙe. Babu bishiya a tudun, babu kututture. Girmansa ma kullum canzawa yake da hawan ruwa. Na rufe ido na buɗe, na gwada daga dama, na gwada daga hagu, ko'ina iri ɗaya.

Mudi ya riga mu sauka, yana tsaye a tsakiya yana duban ƙasa. Na ce wa Alfa ya matsa da jirgin gaɓa. Ya dube ni, ya gane nufina, ya ce, "Hajiya." Na ce ya matsa. Magdalina ta taimake ni na cire takalmi, ita ta ce za ta zauna a jirgi, ba huruminta ba ne. Na sauke ƙafa ɗaya, na sauke ta biyu. Tsakuwar da ɗumi, da danshi a ƙasa. Na yi abin da babu macen gidanmu da ta taɓa yi, kuma ban ji komai ba sai kunya da baƙin ciki.

Na tako a hankali har kusa da shi. Na ce ya nuna mini.

Ya yi taku biyu, ya nuna da yatsa. "Nan ne." Ya dubi sandunan rumfa, ya dubi ruwa. "Ko ɗan gaba kaɗan. Ruwan ne ya hau, shi ya rikita ni." Ya matsa gefe ya sake nunawa. Tsakanin wuri na farko da na uku mutum huɗu za su kwanta.

Na kira Alfa. Ya zo ya tsaya ya daɗe yana dubawa, ya girgiza kai. Ya ce shi da layi yake ganewa, na uku daga gabas a jere na biyu, yanzu kuwa babu jere. Duk da haka ya je wajen tokar ya cicciɓo dutsen, ya wanke shi a bakin ruwa, ya dawo da shi a ƙirji yana nishi. Ya tsaya a gabanmu ya tambaya ina za a kafa.

Alfa ya dube ni. Na buɗe baki in ce ko'ina, sai na tuna idan na kafa shi a kan wani, na yi wa mutum biyu ƙarya ke nan. A hankali Alfa ya sunkuya ya ajiye shi a bakin ruwa, inda muka tabbata babu kowa.

A nan ne abin ya same ni. Na dubi ƙafafuna. Tsofaffin ƙafafu masu kumburi, sun lotsa cikin ƙasa mai laushi. Tun ina yarinya nake tsayawa nesa don kada in taka ta, yanzu ga ni a tsakiyar fili, ban san ko a kan ƙirjinta nake ba. Na so in matsa, ban san ina zan matsa ba. Gaba mutane ne, baya mutane ne. Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Dawuda, na tsaya a wurin ina yi, hannuwana a sake, na kasa ko durƙusawa.

Muryar Magdalina ce ta zo daga jirgi, a natse, irin ta masu jinya. Ta ce in duba baya, sawuna yana nan, in bi shi. Na juya a hankali a kan diddige. Gaskiya ne, ga sawun da na shigo da shi a jere har bakin ruwa. Na riƙa ɗaga ƙafa ina sa ta daidai cikin kowanne, don kada in ƙara wani sabo.

Na yi rabi na ji motsinsa a bayana. Ya taho da sauri, ya miƙo hannu zai riƙe ni, yana cewa Gwaggo ki yafe mini, Gwaggo bari in taimake ki.

"Kada ka matso," na ce, ban waiwaya ba. "Tsaya inda kake. Kai ma ban san a kan wa kake tsaye ba."

Ya tsaya. Har Alfa ya tura jirgi muka yi nisa yana nan a tsakiyar filin, ƙafafunsa a haɗe, bai motsa ba.